Daga Bune zuwa Dutsen Termit

Mutumin Bune idan ya ɗaure kayan tafiya, maƙwabta ba su wahalar da kansu da tambaya. Ko dai Gure ya nufa wajen hukuma, ko Damagaram wajen likita da dangi, ko kuwa kudu, kasuwannin Najeriya. Arewa ta masu raƙuma ce. Saboda haka da labari ya bazu cikin gari, bayan an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, cewa wani malamin makaranta ya yi shatar mota zai kwashi iyalinsa zuwa Dutsen Termit, sai mutane suka shiga tambayar juna ko rasuwa aka yi musu a can. Da aka ce a'a, kallo za su, wasu suka yi dariya, wasu suka ce albashi ne ya yi wa malam yawa.

Abin da ya tayar da tafiyar kuwa gardama ce tsakanin kaka da jikoki. Mahaifin malamin, dattijo ne da ya ba saba'in baya da nisa, ya yi samartakarsa cikin ayarin da ke kai gero arewa ya komo da gishiri da dabino. Kowane dare na hunturu, in an kewaye wuta, labarinsa ɗaya ne: wai bayan wani baƙin dutse akwai farar saniya mai murɗaɗɗen ƙaho wadda ba ta shan ruwa, ya gan su garke-garke da idonsa, kuma jiminu na tsere da raƙumansu. Yaran sun ji labarin har sun haddace shi, suka kuma ajiye shi wuri ɗaya da na gizo da ƙoƙi. Ran nan babbar jikanyar, wadda ke karatu a kwalejin Gure, ta ce masa cikin wasan jika da kaka: «Angona, saniyar nan taka ko a littafi sai an tona.»

Tsoho bai yi dariya ba. Da gari ya waye ya kira ɗansa, ya ce kafin ƙafa ta gaza yana so a kai shi ya nuna wa yaran nan abin da ya gani, don kada ya bar duniya suna ɗaukarsa mai shaci-faɗi.

Tafiyar Termit ba a yinta da ka. Mota sai mai ja da ƙafa huɗu, kuma ba ta fita ita kaɗai, domin inda ta lalace babu mai wucewa balle gareji. Malam ya jira har ya sami wani ɗan kasuwa mai kai kaya can, suka shirya su bi juna. Aka loda jarkunan mai da na ruwa, da tayoyi biyu na ko-ta-kwana, da shebur, da igiya, da falankan ƙarfen nan da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse. Uwargida ta daka gumba, ta haɗa ƙuli-ƙuli da kilishi da garin rogo, ba ta manta shayi da sukari ba. Tsoho ya dage sai an rataya salkarsa a gefen mota, wai ruwan jarka ba ya sanyi. Aka yi masa dariya, amma tun azahar ta ranar farko kowa salkar yake nema. Su bakwai suka tashi bayan sallar asuba: tsoho, malam da uwargida, yara uku, da direba.

Muniyo da Kutus

Bune ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Nan ne mazaunin sarakunan Muniyo kafin su koma Gure cikin ƙarni na 19, kuma Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta nan a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Duwatsun da ya gani tsaitsaye jefi-jefi suna nan, haka kwaruruka masu goriba da dabino da tafkunan kanwa. Abin da ya ƙaru shi ne rairayi mai tafiya. Tsakanin Bune da Gure matafiyi yakan ga tuddai an tsaga su gida-gida da shingen kalimbo da kaba, aikin mutanen ƙauyuka da ma'aikatan gandun daji, don a tsayar da yashi kada ya binne kwarin da ake noman rani. Wasu tuddan sun kwanta har ciyawa ta fito. Wasu sun ci shingen sun wuce.

A Gure aka cika tankuna, aka tsallake kwaltar da ta haɗa Damagaram da Difa, aka yi sallama da hanya mai laushi. Daga nan sai duwatsun Kutus, ƙasar Dagirawa, masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an sare su da wuƙa, da gonakin gero cikin lungunansu.

A Kelle tsoho ya ci rabin gardamarsa. Akwai wurin kiwon jimina a can, irin mai jan wuyan nan ta arewacin Afirka, wadda ta ƙare a dajin Nijar tun farkon shekarun 2000. Ƙungiyar kare namun dajin Sahara da haɗin gwiwar mutanen Kutus suka killace wuri suna hayayyafa ta, da nufin wata rana a mayar da ita daji. Autan gidan, yaro ɗan shekara bakwai, da ya ga namijin jimina ya miƙo wuya ta saman waya, sai ya ruga ya ɓuya bayan zanen uwarsa. Tsoho ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce jimina ce, babu shakka, sai dai bai taɓa zaton zai ganta cikin shinge ana kawo mata abinci a kwano kamar kaza ba.

Bayan Kutus gonaki suka ƙare. Sai fili iya ganin ido, da ƙandili da aduwa ɗaiɗai, da garkunan Fulani da na Tubawa a bakin rijiyoyi masu zurfi, inda raƙumi ke jan guga yana tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki. Da almuru suka shiga Tasker, garin da ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan ya daɗe ƙarƙashin Gure.

A nan ne ake gabatar da kai. Da safe malam ya je wajen jandarmomi da ma'aikatan gandun daji, aka rubuta sunayensu da lambar motoci da ranar da za su komo, aka gaya masa inda zai iya zuwa da inda ba zai je ba, gwargwadon yadda tsaro yake a lokacin. Wasu matafiya kan ɗauki wannan ɓata lokaci ne. Amma wanda ya kwana biyu bai dawo ba, wannan takarda ce kaɗai za ta sa a fita nemansa. Aka haɗa su da ma'aikaci ɗaya, da jagora ɗan Tubawa wanda aka haifa a gindin dutsen.

Daga Tasker babu hanya sai sawun motoci, shi ma iska na shafe shi. Direba ya rage iskar tayoyi don su yi faɗi a kan yashi. Duk da haka kafin la'asar motar ta nutse sau uku. A na ukun ta zauna har ciki, aka fito duka, malam da direba na haƙa, yara na jan falanki, uwargida na zuba musu ruwa. Da aka fita, ta ja mijinta gefe ta ce: «Malam, in haka sauran hanyar take, mu juya da yaran nan. Baba ma ya gaji, kunya ce ta hana shi faɗi.» Malam ya duba mahaifinsa. Tsoho na tsugune yana gardama da jagora a kan wata rijiya da ayarinsu ya sha shekara sittin da suka wuce, ko tana gabas da wancan tudu ko yamma. Aka ci gaba.

Baƙin dutse

Dab da faɗuwar rana ya bayyana. Da fari kamar hadari ya taso daga arewa maso gabas, sa'an nan ya rarrabu ya zama ganuwa, baƙi ƙirin, jan rairayi ya hau shi ta kowane lungu har wuya. Termit ba shi da tsawon duwatsun Abzin, ƙololuwarsa ta ɗan haura mita 700 ne kawai. Sai dai da yake ya tashi ne a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yakan cika ido fiye da tsawonsa. Ya miƙa daga kudu zuwa arewa, kwazazzabai sun tsattsaga shi, kuma daga gindinsa ne busasshen kwarin Diliya ya kama hanya kudu maso gabas wajen tafkin Cadi. Gabas da shi hamadar Tin Tumma. Suka sauka kusa da rijiyar Termit Kawbul, aka hura wuta, aka ɗora shayi. Sanyin daren ya sa bargunan da aka yi gardamar ɗaukowa suka yi kaɗan.

Wajen wutar ne ma'aikacin gandun daji ya ba su labarin wurin. Ranar 6 ga watan Maris na 2012 gwamnati ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita dubu 97, watau ya fi ƙasar Togo girma nesa ba kusa ba, yana kuma cikin manyan gandaye na Afirka baki ɗaya. Ya taɓa jahohin Damagaram da Difa da Agadas. Ba a kori makiyaya ba. Tubawa da Buzaye da Larabawa da Fulani suna kiwonsu kamar da. Abin da aka hana shi ne farauta da ɓarnar itatuwa da kwasar kayan tarihi. A 2018 aka ɗora wa wata ƙungiyar Faransa mai suna Noé amanar tafiyar da gandun. A watan Yuni na 2019 aka sake shata iyakarsa, aka fitar da babban yanki na gabas inda rijiyoyin man fetur na Agadem suke, sa'an nan a 2021 aka kuma gyara iyakar, faɗinsa ya tsaya wajen dubu 86.

Kwana biyu suka yi suna zagaya dutsen, kuma duk abin gani da sassafe ake ganinsa. Jagora yakan sa a tsayar da mota, ya sauka ya karanta ƙasa kamar allo: nan yanyawa ta bi, nan dila, nan sayaki ya ja wani abu cikin dare. Barewa suka gani da yawa, biyu-biyu, biyar-biyar, su tsaya su dubi mota sa'an nan su watse. Tuje ya tashi gabansu da nauyinsa. Ƙarƙashin wata jiga suka tarar da ramin babban kunkurun nan na sahel. Ragon dutse sau ɗaya ya nuna kansa, can bisa, ya tsaya kan gaɓa kamar an dasa shi, kafin yara su gama nuna wa juna ya ɓace. Rabbi kuwa, mai kama da damisa wanda babu dabbar da ta kai shi gudu, yana nan cikin dutsen, amma ko jagoran da aka haifa a wurin sau ƙalilan ya taɓa sa shi a ido.

Rana ta biyu, a bakin wani kwari, ma'aikacin ya ɗaga hannu a yi shiru, ya miƙa wa babbar jikanyar madubin hangen nesa. Dabbobi uku ne, dogaye, farare, da jan wuya da jan gadon baya, suna miƙa kai suna cin ganyen ƙandili. Mena ke nan. Duk ɗan Nijar ya san sunanta, tun da shi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa take amsawa, amma cikin dubban da ke ihun sunan a filin wasa na Yamai da wuya a sami ɗaya da ya taɓa ganinta tana numfashi. Waɗanda suka rage a dajin duniya duka ba su wuce ƴan ɗaruruwa kaɗan ba, a Nijar da Cadi mafi yawa, kuma Termit na cikin wurare na ƙarshe da suke haihuwa. Ɗan tsakiyan, mai rigar ƙwallo a jikinsa, ya riƙe madubin ya ƙi saki har dabbobin suka shige kwari.

Dutsen na da wani abin kuma wanda tsoho bai san da shi ba, ko da yake ya kwana gindinsa sau da yawa. A jikin wasu duwatsu akwai zanen da mutanen farko suka sassaƙa, na shanu da raƙuman dawa da mutane. A wasu wuraren kuma ƙasa cike take da fasassun tukwane da duwatsun niƙa da kashin maƙera. Masu binciken kayan tarihi, Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset, sun yi aiki a nan tun shekarun 1970, suka nuna cewa an narka tama a Termit ƙarnuka da dama kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu masana na kai abin har shekara 1500 kafin haihuwar tasa, wasu na ganin an zurfafa lissafi, ana nan ana jayayya. Abin da babu jayayya a kansa shi ne narka tama sai da gawayi mai yawa, gawayi kuwa sai da kurmi. Malam ya tara ƴaƴansa ya sa su dubi kwarin da ba shi da itace goma, su ƙiyasta dajin da ya ciyar da waɗannan maƙera. Auta ya tsinci wani kan kibiya na dutse ya sa aljihu. Ma'aikacin ya lallashe shi ya mayar inda ya ɗauka.

Uwargida ita ma ta sami nata. A wani zango na Tubawa matan suka karɓe ta da nonon raƙumi, suka ba ta labarin ayarinsu. Su mata ne ke ɗaura wa raƙuma kaya, da ƴaƴansu a baya da wuƙa a damtse, su ratsa hamada zuwa Bilma lokacin nunar dabino, su komo da abin da zai riƙe gida. Ta tambayi wata dattijuwa yadda suke gane hanya. Matar ta ce da taurari da ƙirgar tuddai. Wanda ya ɓata ƙirga ya wuce rijiya, wanda ya wuce rijiya kuwa ba a sake jin labarinsa. Tun daga nan uwargida ba ta ƙara maganar juyawa ba.

Saniyar da ba ta shan ruwa

Saura abin da ya kawo su. Dabbar da tsoho ke nufi ita ce Turawa ke kira adaks, Larabawan hamada kuma saniyar daji. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Fara ce da rani, takan yi duhu-duhu da hunturu, ƙahonta a murɗe, kofatonta mai faɗi don kada ya nutse a yashi. Takan yi watanni ba ta kai baki ga ruwa ba, domin ɗanyen tsiron hamada da raɓar dare sun ishe ta. A da tana ko'ina cikin Sahara, daga Muritaniya har Masar. Bindiga da mota suka cinye ta, domin ba ta da dogon gudu. In an kore ta da mota ƴan mintoci sai ta faɗi. Tin Tumma ce mafakarta ta ƙarshe, kuma a 2010 an ƙiyasta saura wajen 200 a can.

A watan Maris na 2016 aka sake ƙirga. Jirgin sama ya yi awa 18 yana shawagi, ya bi fiye da kilomita dubu 3, bai ga ko ɗaya ba. Masu bi ta ƙasa suka yi kilomita 700, suka ga uku, a firgice. Ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, IUCN, ta ɗora laifin a kan hayaniyar aikin man fetur da farautar da masu rakiya ɗauke da makamai suke yi, da kuma bazuwar bindigogi da motoci bayan rushewar Libiya a 2011. Man nan arziki ne na ƙasa; shi ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011, shi ne kuma cikin tankin motar da ta kawo malam da iyalinsa. Sai dai babu wata rijiyar mai da ke bukatar naman adaks kafin ta ba da mai. Dokar hana farauta tana nan a rubuce, kuma ta hau kan mai kaki kamar yadda ta hau kan mai rawani.

Maƙwabciya Cadi ta nuna abin na gyaruwa. Mariri, wanda aka bayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji, an dawo da shi can daga Abu Dabi tun 2016, ya hayayyafa har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare. Daga 2019 aka fara kai adaks ita ma. Amma waɗannan jikokin na cikin shinge ne. Na Tin Tumma su ne ba a taɓa kamawa ba, su suka san inda tsiro ke fitowa bayan ruwan da ya sauka a wurin da ba wanda ya gani.

Ma'aikacin ya yarda ya kai su bakin hamadar kawai, iyakar inda aka ba shi izini. Suka hau wani dogon tudu da hantsi. Gabas babu komai sai rairayi, tudu bayan tudu, fari da ja, har inda sama ta sauko. Tsoho ya karɓi madubin, ya duba, ya mayar, ya ce idonsa ya fi. Awa biyu yana zaune. Yaran da suka saba tsokanarsa babu wanda ya ce uffan.

Jagora ne ya kira su daga gindin tudun. Ya tone yashi da hannu, sai ga ƙoƙon kai ya yi fari fat, da ƙaho ɗaya a jikinsa, murɗi biyu da rabi. Ya ce ya daɗe da sanin wurin, ya fi shekara goma a nan. Tsoho ya sauko a hankali, ya durƙusa, ya bi murɗin da yatsa tun daga gindi har tsini. Babbar jikanyar ta gwada shi da hannunta, ya fi kamu ɗaya. Ta fito da littafinta ta zana shi, sa'an nan ta ce, ba da wasa ba wannan karon: «Kaka, ka yafe mini.» Ya ce ba ta yi masa komai ba, shi ma da ba a gabansa aka yi ba, da bai yarda garke ɗari zai koma ƙaho ɗaya ba. Ya so ya tafi da shi Bune. Ma'aikacin ya ce doka ba ta bari ba. Tsoho ya yi shiru, sa'an nan da kansa ya mayar da yashin ya rufe.

Komowa ta fi sauƙi, sau ɗaya kawai suka nutse. A Tasker malam ya je aka soke sunayensu daga takarda, ya kuma tambayi shugaban ma'aikatan ko za a iya kawo ƴan ajinsa ko da Kelle ne su ga jimina. Aka ce ya rubuto. Ranar ta shida da la'asar suka shiga Bune, fuska duk ƙura, jarkuna babu komai. Kuɗin da tafiyar ta ci ya kai a sayi sa, kuma akwai waɗanda har yanzu suke ganin san ya fi.

Maƙwabta suka taru ƙofar gida ana barka da zuwa. Wani tsohon abokin wasan dattijon ya ɗaga murya ya ce: «To, Alhaji, an ga saniyar?» Kafin tsoho ya buɗe baki auta ya riga shi. Ya ce sun ga ƙahonta, ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa, sa'an nan ya ce wa yayarsa ta kawo littafin.